Daga Fulorans zuwa Ravenna: Dante, Mawaƙin da Garinsa Ya Kora

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Ina magana da ku daga tsakiyar birnin Fulorans na ƙasar Italiya, wanda 'yan gari suke kira Firenze. Wannan gini mai kusurwa takwas da ke bayana, mai farin dutse da kore, shi ne Battistero di San Giovanni, inda ake yi wa jariran garin wankan shiga addinin Kirista tun zamanin da. A nan aka yi wa Dante Alighieri nasa a watan Maris na 1266. An haife shi a 1265, tsakanin ƙarshen Mayu da tsakiyar Yuni. Ainihin sunansa Durante, aka taƙaita shi ya koma Dante.

Bari in juya kyamara. Kun ga waccan babbar ƙubba mai jan bulo, wadda ake sa wa a kowane hoton garin nan? Dante bai taɓa ganin ta ba. An aza harsashin majami'ar a 1296 yana nan, amma ƙubbar sai a 1436 aka gama ta, shekara 115 bayan mutuwarsa. Duk mai son ganin Fulorans ɗin da Dante ya sani sai ya bar wannan fili ya shiga lunguna. Ku biyo ni.

Wannan lungu sunansa Via Santa Margherita. Ga wani gida an rubuta Casa di Dante, masu yawon buɗe ido na layi a ƙofarsa. Ku sani ba a cikinsa ya zauna ba. A farkon ƙarni na 20 aka gina shi da siffar gidajen da, a unguwar da zuriyar Alighieri suka zauna, aka mai da shi gidan tarihi. Unguwar ce ta gaske. Taku kaɗan daga nan ga ƙaramar majami'ar Santa Margherita, wadda ke da alaƙa da gidan Portinari, wato dangin Beatrice. Dante ya ce ya fara ganin ta yana ɗan shekara 9, ya sake ganin ta yana 18, ta gaishe shi a hanya. Ba su yi aure ba. An aurar da ita ga Simone dei Bardi, ɗan gidan masu banki, shi kuma tun a 1277 aka ƙulla yarjejeniyar aurensa da Gemma Donati, wadda ta haifa masa Jacopo da Pietro da Antonia. Beatrice ta rasu a watan Yuni na 1290. Bayan haka ya tara waƙoƙi 31, ya haɗa su da zube mai bayanin dalilin kowace waƙa da yadda aka gina ta, ya kira littafin Vita Nova, wato sabuwar rayuwa. Akwai wani abu a ciki da mu za mu gane nan take. Yana son ya nuna cewa lamba 9 na biye da Beatrice, alhali da yammacin 8 ga wata ta rasu. Sai ya ce bisa lissafin Larabawa ta cika a sa'ar farko ta rana ta 9, domin a wannan lissafi da faɗuwar rana sabuwar rana ke shiga, kamar yadda muke cewa daren Juma'a tun daga magaribar Alhamis.

To, ga hasumiyar da ta jawo masa wahala, Torre della Castagna, inda shugabannin gari suka taɓa zama. Italiya ta lokacin ba ƙasa ɗaya ba ce, kowane birni da gwamnatinsa, kuma an rabu gida biyu: Guelfi masu bayan Paparoma, da Ghibellini masu bayan sarkin daular da ke Jamus. Dante ɗan Guelfi ne, har ya hau doki ya yi yaƙin Campaldino ranar 11 ga Yuni 1289, suka ci mutanen Arezzo. Daga 1295 doka ta ce wanda yake son muƙami dole ya yi rajista da ƙungiyar wata sana'a, sai ya shiga ta likitoci da masu haɗa magunguna. Da Guelfi suka rasa abokin gaba sai suka dare biyu, Farare da Baƙaƙe. Sunayen ɓangare ne kawai, babu ruwansu da launin fata. Farare, ƙarƙashin gidan Cerchi, suna son garin ya riƙe 'yancinsa daga Paparoma Boniface na 8. Baƙaƙe, ƙarƙashin Corso Donati, suna tare da shi.

Ana cikin wannan aka zaɓi Dante cikin shugabanni shida na gari, waɗanda ake kira priori, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Agusta 1300. Wata biyu kacal ake yi a kujerar, don kada wani ya yi kane-kane. Domin kwantar da tarzoma suka kori jiga-jigan ɓangarorin biyu, har da babban amininsa mawaƙi Guido Cavalcanti, wanda ya kamu da zazzaɓi a Sarzana ya mutu cikin watan Agustan nan. A ƙarshen 1301 aka tura Dante Roma cikin tawagar rarrashin Paparoma. Yana can, ranar 1 ga Nuwamba, Charles na Valois, ƙanen sarkin Faransa, ya shigo Fulorans da sunan sulhu, ya buɗe wa Baƙaƙe ƙofa suka karɓe mulki. Ranar 27 ga Janairu 1302 aka yanke wa Dante hukunci a bayan idonsa bisa zargin cin hanci da sayar da muƙami: tarar fiorini 5,000, kuɗin Fulorans na lokacin, cikin kwana uku, korar shekara biyu, da haramcin riƙe muƙami har abada. Bai zo ya biya ba. Ranar 10 ga Maris aka ƙara cewa in aka kama shi a ƙone shi da ransa. Daga nan bai sake taka garin nan ba har ya mutu.

Ku dubi burodin da ke hannuna. Burodin Toskana ne, yankin da Fulorans take, kuma har yau ba a sa masa gishiri. Na sayo shi ne don wani baiti. A waƙa ta 17 ta kashi na uku na babban littafinsa, Divina Commedia, kakan kakansa Cacciaguida yana yi masa bushara da kora, ya ce masa zai ɗanɗana yadda burodin wasu yake da gishiri, zai kuma san wahalar hawa da sauka a matakalar gidan wani. Wanda bai san burodin garin nan ba zai ɗauka gishirin hawaye kawai ake nufi. Har da na bakin ma. Duk wanda ya zauna a ƙasar da ba tasa ba ya san abinci ne ke fara gaya wa mutum shi baƙo ne. Shekara 19 ya yi haka: Verona wajen gidan Scala, musamman Cangrande, da Lunigiana wajen gidan Malaspina a 1306, da sauran fadoji. Ya sa rai da sarki Henry na 7 da ya shigo Italiya a 1310, sarkin ya mutu a 1313. A 1315 Fulorans ta yi tayin afuwa, da sharaɗin ya biya kuɗi kuma a kai shi wancan gini da muka fara da shi a matsayin mai laifi da ya tuba. Ya ƙi, domin yarda na nufin amsa laifin da ya ce bai yi ba. Sai aka sabunta hukuncin kisa, aka haɗa da 'ya'yansa maza.

A cikin wannan yawo ya yi aikin da ya sa muke maganarsa. A zamaninsa duk abin da ake ɗauka ilimi ne da Latin ake rubuta shi, harshen da ba uwar da ke yi wa ɗanta magana da shi. Dante ya iya Latin sosai, har da shi ya rubuta De vulgari eloquentia, inda ya kasa karin harsunan Italiya gida 14, ya kuma ce harshen da yaro ya tsotsa a nono ya fi wanda aka koya da nahawu daraja. Bai gama wannan littafi ba. Hujjar tasa sai ya kawo ta a aikace, ya ɗauki harshen kasuwar Fulorans ya ɗora masa falsafa da tauhidin Kirista da ilimin taurari da siyasa. Wannan shawara ba baƙuwa ba ce gare mu. Malaman ƙasar Hausa na ƙarni na 19 sun iya Larabci, amma da suka so wa'azi ya isa ga mata da manoma sai suka rubuta waƙoƙi da Hausa da Fulatanci cikin ajami.

Bari in zauna a kan wannan dakali in nuna muku yadda aka gina littafin, don a nan gwanintar take. Shi Comedia kawai ya kira shi. Marubuci Boccaccio ne ya fara liƙa masa Divina, wato mai tsarki, kuma sai a bugun Venis na 1555 kalmar ta hau bangon littafi. Kashi uku ne. Inferno, wato wuta, waƙoƙi 34. Purgatorio, wato wurin tsarkakewa, 33, Paradiso, wato aljanna, 33. Ta farko gabatarwa ce, saboda haka 33 sau uku da ɗaya, 100 cif. Ɗangwaye 14,233 ne gaba ɗaya: 4,720 da 4,755 da 4,758. Ku lura da tazarar, ɗango 38 ne kawai tsakanin mafi gajarta da mafi tsawo, a aikin da ya ci fiye da shekara goma. Kowane kashi kuma da kalma ɗaya yake rufewa, stelle, taurari.

Kowane ɗango gaɓa 11 ne, da ƙarfin murya a kan ta 10. Ku ƙirga ɗangon farko tare da ni: Nel, mez, zo, del, cam, min, di, no, stra, vi, ta. Sha ɗaya. Ma'anarsa, a tsakiyar tafiyar rayuwarmu, wato yana ɗan shekara 35, rabin 70, a shekarar 1300. Inda masu koyo ke tuntuɓe shi ne ɗango na biyu, wanda ya ƙare da selva oscura, daji mai duhu. In ka ƙirga yadda aka rubuta za ka sami 12, ka ce mawaƙi ya yi kuskure. Ba kuskure ba ne. Idan kalma ta ƙare da wasali, ta gaba ta fara da wasali, ana haɗiye su su zama gaɓa ɗaya. Wannan awo ya bambanta da karin rubutacciyar waƙarmu, wadda ke auna nauyin gaɓa, doguwa da gajera, bisa tsarin aruli. Su adadi suke ƙirgawa da wurin da murya ke faɗuwa.

Sai amsa-amo, wanda ake kira terza rima, kuma a wannan littafi aka fara ganin sa. Baitin ƙwar uku ne, amma ba irin namu ba da babban amsa-amo ɗaya ke bi tun daga farko har ƙarshe. Ɗango na ɗaya da na uku suna amsa juna. Na tsakiya ba shi da abokin amsawa a baitinsa, sai baiti na gaba ya ɗauke shi ya mai da shi na ɗaya da na uku, ya kawo sabon na tsakiya. A farkon littafin, vita ta amsa smarrita, oscura tana tsakiya. Baiti na biyu ya zo da dura da paura, ya sa forte a tsakiya, na uku ya zo da morte. In da Hausa ne, a ce baitin farko ya ƙare da gari, hanya, bari. Na biyu dole ya zama irin ƙarya, ruwa, duniya. Na uku ya ɗauki ruwa ya kawo kowa da mutuwa. Haka sarƙar za ta yi ta tafiya. In an zo rufewa sai a ƙara ɗango ɗaya tilo ya amsa na tsakiyar ƙarshe. Shi ya sa in ka raba ɗangwayen kowace waƙa da uku, ɗaya zai yi saura: ta farko 136 ce, baiti 45 da ɗango ɗaya. Gajerunsu 115, mafi tsawo 160.

Amfanin wannan tsari biyu ne. Mai karatu ba ya iya tsayawa, kullum akwai sautin da ke jiran amsa, kuma littafin labarin tafiya ne. Na biyu, a zamanin kwafi da hannu, in magatakarda ya tsallake baiti ko wani ya cusa nasa, sarƙar za ta tsinke a ji ta a kunne. Wahalarsa kuwa masu fassara suka sha ta. Kowane sauti sai an samo masa kalma uku, kuma a Italiyanci amsa-amo yana farawa ne daga wasalin da murya ta faɗa a kai, ba gaɓar ƙarshe kaɗai ba. Harsunan da kalmominsu ke ƙarewa da baƙi, kamar Ingilishi da Jamusanci, sukan tilasta wa mai fassara ya karkatar da ma'ana ko ya watsar da amsa-amon. A ganina Hausa ta fi su dacewa da wannan tsari, tun da mafi yawan kalmominmu da wasali suke ƙarewa.

Labarin kansa kuwa, Dante ne ya ɓata a daji a makon Ista na 1300, tsohon mawaƙin Roma Virgilio ya ja shi ya ratsa wuta da dutsen tsarkakewa, sannan Beatrice ta karɓe shi zuwa sammai. Wutar rami ce mai hawa tara, tana tsukewa zuwa tsakiyar ƙasa, kuma azabar kowa siffar laifinsa ce. Waɗanda sha'awa ta kwashe guguwa ke yawo da su ba hutu. Masu duba da suka ce suna ganin gaba an murɗe musu kai suna kallon baya. Masu sayar da muƙami, laifin da aka ɗora masa, ya tsoma su cikin tafasasshen kwalta a waƙa ta 21 da 22. Can ƙasa kuma ba wuta, ƙanƙara ce, maciya amana ne daskare a ciki, domin a wurinsa zunubin da aka yi da sanyin zuciya da lissafi ya fi wanda aka yi cikin zafin rai muni. Purgatorio kada a fassara shi da barzahu, ba abu ɗaya ba ne. A aƙidar Katolika wuri ne na waɗanda suka riga suka tsira amma ana wanke su, kuma Dante ya yi shi dutse mai hawa bakwai, kowane hawa da zunubinsa.

Akwai maganar da ba zan ɓoye muku ba. A waƙa ta 28 ta Inferno, Dante ya ambaci Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da Sayyidina Aliyu da mummunan ambato. Ba zan karanta baitocin ba. Ƙarya ce da cin mutunci, ta samo tushe daga jita-jitar Turai ta lokacin cewa Musulunci ɓangare ne da ya ɓalle daga coci, kuma gwanintar waƙa ba ta wanke ta. Hasan Usman, Bamisiren da ya fassara littafin zuwa Larabci, kashi na farko ya fito a 1959, cire su ya yi. Duk da haka, a waƙa ta 4, inda ya tara manyan mutanen da ba Kirista ba a wurin da babu azaba, ya sa Ibn Sina da Ibn Rushd tare da Aristotal, da Salahuddin al-Ayyubi a gefe shi kaɗai. Lissafin taurarinsa ma ya jingina da al-Farghani. A 1919 wani limamin coci ɗan Sifen, Miguel Asín Palacios, ya nuna kamanni tsakanin tsarin littafin da ruwayoyin Isra'i da Mi'iraji. Aka yi masa ca, aka ce Dante bai san Larabci ba. Sai a 1949 Enrico Cerulli ya buga wani littafin Mi'iraji da aka fassara zuwa Latin da Faransanci a fadar sarki Alfonso na 10 na Kastila wajen 1264, fadar da malamin Dante, Brunetto Latini, ya je jakadanci a 1260. Masana na ta muhawara har yau, amma hanyar da labarin zai bi ya iso Toskana ta tabbata akwai ta.

Babu ko layi ɗaya da ya rage da rubutun hannun Dante. Abin da ake da shi kwafe-kwafe ne kusan 800, ɗaya daga cikin mafi tsufa masu kwanan wata na 1336 ne, yana Piacenza. A 1373 garin da ya kore shi ya ɗauki Boccaccio ya riƙa karanta littafin yana sharhi a bainar jama'a, rashin lafiya ta tsayar da shi a waƙa ta 17 ta Inferno. An fara buga shi da inji a Foligno ranar 11 ga Afrilu 1472. Ba kowa ya yarda da harshensa ba: a 1525 masanin adabi Pietro Bembo ya fifita mawaƙi Petrarca da Boccaccio, yana ganin Dante ya cika kwaso kalmomin titi. Amma su ukun da harshen Fulorans suka yi rubutu, kuma shi ya zama Italiyancin makaranta bayan haɗewar ƙasar a 1861. Fuskarsa ce a kan kwabon Yuro 2 na Italiya, kuma tun 2020 ranar 25 ga Maris ranarsa ce.

Nan majami'ar Santa Croce ce. Mutum-mutumin Dante da ke bakin matakala na 1865 ne. A ciki akwai katafaren kabarin marmara da aka yi masa a 1829, kusa da na shahararren masassaƙi Michelangelo, kuma babu kowa a cikinsa. Don ganin na gaske sai mun hau jirgin ƙasa, awa biyu zuwa uku, a canja a Bolonya ko Faenza.

To jama'a, ga mu a Ravenna. Nan ya ƙare rayuwarsa a inuwar Guido Novello da Polenta, nan ya kammala Paradiso. A 1321 aka aike shi jakadanci Venis, a hanyar dawowa ta cikin fadamu ya kamu da zazzaɓin cizon sauro, ya mutu daren 13 wayewar 14 ga Satumba, yana da shekara 56. Wannan ƙaramin ɗaki mai ƙubba kusa da majami'ar San Francesco shi ne kabarin, Camillo Morigia ya gina shi a 1780 zuwa 1781. Hoton dutse da ke ciki, Dante na duba littafi, aikin Pietro Lombardo ne na 1483.

Fulorans ta sha neman a mai da mata ƙasusuwansa. A 1519 ta samu izinin Paparoma Leo na 10, wanda ɗan gidan Medici na Fulorans ne, Michelangelo ma ya sa hannu zai sassaƙa kabarin. Da tawaga ta buɗe akwatin dutse sai ta tarar wayam. Sufayen Faransiskan da ke zaune a bayan wannan bango sun huda shi daga cikin gidansu sun kwashe ƙasusuwan. A 1677 ɗaya daga cikinsu, Antonio Santi, ya sa su a akwatin katako ya rubuta suna a jiki. A 1810, da gwamnatin Napoleon ta rufe gidan nasu, suka toshe akwatin cikin wata tsohuwar ƙofa suka tafi, aka manta. Shekaru aru-aru mutane na ziyartar kabarin da ba kowa. Ranar 27 ga Mayu 1865 wani magini yana gyara don bikin cika shekara 600 da haihuwarsa ya ci karo da akwatin. Wancan tudun ƙasa mai ganye da kuke gani a lambu, a ƙarƙashinsa aka sake ɓoye su daga Maris 1944 zuwa Disamba 1945 saboda bama-baman yaƙin duniya na biyu.

Ku ɗaga ido sama, zan matso da kyamara a hankali don ba a son hayaniya a nan. Wannan fitila da ke rataye ba a barin ta ta mutu. Man zaitun ɗin da take ci daga tsaunukan Toskana yake zuwa. Tun 1908, kowace Lahadi ta biyu ta watan Satumba, wakilan birnin Fulorans ke kawo shi da hannunsu su miƙa wa Ravenna.